Kalmominmu a Bakin Turanci: Abin da Na Gani Daga Zongon Lome

A farkon shekarar 2025 labari ya bazu a wayoyi cewa babban ƙamusun Ingilishi na Oxford ya karɓi sababbin kalmomi 20 daga Turancin Nijeriya, kuma “suya” tana cikinsu. Lokacin da saƙon ya shigo mini ina zaune a kan benci a gaban wani dattijo mai tsire, a bakin babbar hanyar da ta ratsa unguwarmu ta Agoè-Zongo a arewacin Lome. Ba'adare ne, ya zo Togo da ƙuruciyarsa, kuma tun ina yaro nake sayen nama a wurinsa. Murna ta kama ni, irin ta ɗalibin Hausa da ya ga an ba harshensa kujera a majalisar manya. Na ce masa, “Baba, albishirinka.” Ya ce, “Goro.” Na ce, “Sana'arka ta shiga ƙamusun Turawa.” Ya ce, “Da wane suna?” Na ce, “Suya.” Ya juya tsinkayen da ke gefen wuta, ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, “Ɗana, fiye da shekara 40 ina wannan aiki, ban taɓa soya wa kowa nama ba. Gashi nake yi. Su Turawan ba su ga garwashin ba ne?”

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida, domin gaskiya ya faɗa. A Hausa “suya” daga “soya” ta fito, kuma ba ta yiwuwa sai da kasko ko tukunya. Ita ce ake yi wa naman layya. Naman da aka tsire a tsinke, aka barbaɗe shi da garin ƙuli-ƙuli da yaji, aka kafa shi kewaye da wuta, tsire ne. Wanda aka shimfiɗa a kan waya, balangu ne. Wanda aka feɗe falle-falle aka shanya, aka tsoma a labu, kilishi ne. Ingilishi ya ɗauki sunan da mai sana'ar ba ya kiran sana'arsa da shi. Dalilin kuwa shi ne ba daga bakin mahautan Kano ko Sakkwato ya karɓa ba. Ya karɓa daga bakin masu saye a Legas da Ibadan da Inugu, inda Bahaushe ya kafa teburinsa a bakin titi, kalmar ta zauna a Turancin kudu shekaru masu yawa kafin masu ƙamus su rubuta ta. A nan Lome ma ba a cewa “suya”. Masu saye suna cewa “tchintchinga”, a Ankara ta Gana kuma suna rubuta “kyinkyinga” ko “chichinga”, sunan da kunnena yake jin amon “tsinke” a cikinsa.

Mu ɗaliban Hausa mun saba da nazarin aron kalmomi ta fuska ɗaya. Muna haddace abin da Hausa ta aro daga Larabci da Azbinanci da Barbarci da Yarbanci da Ingilishi da Faransanci, muna bin yadda ta Hausantar da su: ta raba baƙaƙen da suka cunkushe, ta ƙara wasali a ƙarshe, ta ba kalma jinsi da jam'i. Ba kasafai muke juyowa mu dubi abin da wasu harsuna suka ɗauka daga gare mu ba. Ni zaman Zongo ne ya tilasta mini wannan juyowa, domin na girma a inda Hausa take baƙuwa, ina kallon kalmominmu suna fita daga bakinmu suna shiga na wasu. Abin da na lura da shi shi ne, ararriyar kalma ba ta cika tafiya da dukan ma'anar da take da ita a gida ba. Tana tafiya da abin da mai aro ya gani ranar da ya gamu da mai kalmar, da kuma matsayin da ya ɗora shi a kai.

Kafin mu zo kan namu, ya kamata a san cewa Ingilishi tsohon ma'aroci ne. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kusan shekaru 300, kuma dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi ta wannan ƙofa. Na fara gane haka ne ta wata hanya mai ban mamaki. A makarantar boko ta Lome da Faransanci aka koyar da mu, na san “cour” da “juge” da “prisonnier” da “gouvernement”. Da na fara sauraron Hausar rediyo sai na ji “kotu” da “joji” da “fursuna” da “gwamnati”, aka ce mini daga Ingilishi aka aro su. Ashe shi ma Ingilishin aro ya yi daga tsohon Faransanci. Kayan aro muka ara. Larabci ma ya ba shi rabonsa, galibi ta hannun fataken Bahar Rum da masu fassara littattafai: “sugar”, “cotton”, “algebra”, “tariff”, “zero”. Saboda haka “sukari” da muka karɓa daga Larabawa da “suga” da muka karɓa daga Turawa 'yan gida ɗaya ne, hanya ce ta raba su.

Misalin da ya fi burge ni shi ne “magazine”. Tushenta Larabci ne, “makhazin”, jam'in “makhzan”, wato ɗakin ajiya. Ta bi ta Italiyanci da Faransanci ta shiga Ingilishi da ma'anar rumbun kaya, musamman na albarushi da makamai. A 1731 wani mai buga littattafai a Landan ya sanya wa mujallarsa wannan suna, yana nufin rumbu ce ta labarai, daga nan ma'anar mujalla ta rinjayi ta asali. A Faransanci kuwa “magasin” ta tsaya a kanti da ɗakin ajiya, kuma daga can Hausar Nijar da ta Zongonmu ta samo “mangaza”. Mahaifina yana da mangaza inda yake ajiye dilolin atamfa. Bai taɓa sanin cewa ita da mujallar da nake karantawa kakansu ɗaya ba, kuma da na gaya masa bai ga abin mamaki a ciki ba. Ya ce duk wurin tara kaya ne.

Akwai kuma tarkon da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Ingilishi yana da “alkali” guda biyu. Ta farko ta masana sinadarai ce, daga Larabci “al-qali”, tokar wasu tsirrai da ake haɗa sabulu da ita. Ta biyu tamu ce: “al-qadi” na Larabci ya zama “alƙali” a Hausa, Turawan mulkin mallaka suka ɗauke shi suka zubar da lanƙwasar ƙ, suka cika rahotanninsu da zancen kotunan “alkali”, har zuwa ƙarshen shekarun 1960 da aka sauya wa kotunan suna. Rubutu ɗaya ne, asali biyu. Kamannin sauti kaɗai ba ya tabbatar da dangantaka.

Kalmomin Hausa sun shiga Ingilishi ta hanyoyi daban-daban, kuma kowace hanya da irin kayan da ta ɗauko. Matafiya ne suka fara. Hugh Clapperton ya shiga Kano a watan Janairun 1824, ya wuce Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a labarin tafiyar da aka buga a 1826 an ambaci goro da sunansa na Hausa, an rubuta shi “goora”. Sunan bai yi ƙarko ba. Jiragen ruwan Turawa sun riga sun gamu da goro a gaɓar teku ta wajen Saliyo da Gini ƙarnuka kafin haka, sun ɗauki “kola” daga harsunan can, kuma ita ce ta ci kasuwa har ta hau kwalbar Coca-Cola. Fataken Hausa sun fi kowa ɗaukar goro a ka da kan jaki, amma ba su ne suka fara gamuwa da mai alƙalami ba. Bayan matafiya sai ma'aikatan mulki, waɗanda suka ɗebi kalmomin da aikinsu yake bukata: “dogari”, “jangali”, “zaure”, “talakawa”. Yawancinsu sun tsaya a takardun ofis da littattafan tarihi. Wadda ta yi sa'a ita ce “fadama”. Masana aikin gona ba su sami kalmar Ingilishi ɗaya da za ta ɗauki ma'anarta ba, suka bar ta yadda take, har aka sanya wa babban shirin noman rani da Nijeriya ta fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 wannan suna. Ita kam ta tafi da ma'anarta cif, domin waɗanda suka are ta sun je sun taka fadamar da ƙafarsu.

Hanya mafi faɗi ita ce ta kasuwa da bakin titi, kuma ita ce tamu mutanen zanguna. Daga tsakiyar Lome zuwa Aflao tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Iyakar Gana a jikin birnin take. Da ka ƙetare, sai ka fara cin karo da Hausa a cikin Turanci. “Waakye” da kowane Bagane yake karyawa da ita, wake ne, wato shinkafa da wake aka gutsure. Rubutun ne yake ɓoye ta: Bahaushe yana ganɗanta k idan ta zo kafin e ko i, kunnen mai jin harshen Tonawa ya ji ta kamar c, su kuwa “ky” suke rubuta wannan sauti. “Koko” tana nan yadda take, ƙosai ya zama “koose”, tuwo mai zafi ya zama “tuo zaafi”, har 'yan boko suka taƙaita shi zuwa haruffa biyu, TZ. 'Yan matan arewacin Gana masu dako a kasuwar Makola ana kiran ɗayarsu “kayayo”, harɗaɗɗiyar kalma ce daga “kaya” na Hausa da “yoo” na harshen Ga, wato mace. Jam'inta “kayayei”, bisa ƙa'idar Ga. A Nijeriya “bukka” ta bi ta Yarbanci ta zama “buka”, ɗan gidan abinci na gefen hanya, kuma ƙamusun Oxford ya karɓe ta a 2020 tare da “Kannywood” cikin kalmomi 29. Itacen darbejiya a Turancin kudu “dogonyaro” ne. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce “mai gadi”: mun aro “guard” muka mayar da ita “gadi”, muka ɗora mata “mai”, sai Turancin Nijeriya ya sake karɓe ta gaba ɗaya ya ce “maiguard”. Bashi ne ya koma gida da riba.

Ku dubi jerin da kyau. Abinci ne, da dako, da gadi, da rumfa. Ba a ari “kunya” ba, ba a ari “mutunci” ko “kara” ko “zumunci” ba, ko da yake ba su da takwarori cikakku a Ingilishi. Wanda ya gamu da kai a bakin teburin tsire abin da ke kan tebur yake gani.

Kalmar da ta fi taɓa ni ita ce sunan unguwarmu. A Hausa zango wurin da ayari yake sauka ne ya kwana, dabbobi su sha ruwa, a sauke kaya, da asuba a ɗaura a yi gaba. Ana yada zango, ana cin zango, kuma tazarar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma zango ce. Daga nan muka sami “zangon karatu”. Hanyar Gwanja, wadda ta haɗa Kano da Katsina da Salaga domin fataucin goro, zanguna ne a jere. Bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 cinikin Salaga ya fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa mutanenta. Wasu suka koma Kete-Krachi, cikinsu har da shahararren malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a 1934. Shi ne ya yi aiki da Bajamushe Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa da Jamusanci na 1906. Wasu kuma suka gangaro bakin teku. Fataken Hausa sun fara sauka Lome tun a shekarun 1880, lokacin garin yana ɗan ƙauyen 'yan kasuwa, kafin Jamusawa su mayar da shi babban birnin mulkinsu a 1897. Inda suka sauka suka kira shi da sunan da suka sani. Jamusawa suka rubuta shi, Ingilishi da suka riƙe Lome daga 1914 zuwa 1920 suka rubuta shi, Faransawa suka gaje shi. Haka ya faru a Kumasi da Ankara da Kwatano: masauki ya zama unguwa, sunan kuma ya shiga Turanci da Faransanci da siffar “zongo”.

Kakata ta wajen uwa a tsohon Zongo aka haife ta, wanda yake cikin gari, kusa da babban titin da ya kewaye tsakiyar birni. A can aka haifi mahaifiyarta ma. Takan ba mu labarin gidajen masu gida, inda baƙon da ya zo da shanu ko goro yake sauka a ba shi ɗaki da abinci, a nemo masa mai saye, a tsaya masa a kan bashi. A watan Oktoban 1977 hukuma ta rushe unguwar, aka kwashe mutanenta zuwa wani fili mai nisan kusan kilomita 15 a arewa, ta wajen Togblékopé, kusa da kogin Zio wanda yakan yi ambaliya da damina. A inda gidajensu suke, dogayen gine-ginen bankuna ne yanzu. Wani Bafaranshe mai nazarin al'umma, Michel Agier, ya zauna da mutanen sabon Zongo a shekarun da suka biyo baya, ya fitar da littafi a kansu a 1983. Kakata ba ta san da littafin ba. Abin da takan ce shi ne, “Sunan ne ya ci mu. Mun ce musu zango muka yada, su kuma suka ɗauke mu a kan maganarmu.” Tana faɗa tana dariya, amma ban taɓa jin ta kira sabuwar unguwar “gida” ba sai da ta kusa rasuwa. Wani abin kuma, a gefenmu ne aka gina babbar tashar manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali. Direbobi suna kwana, suna tashi da asuba su yi arewa. Wannan shi ne zango na haƙiƙa, amma ba wanda yake kiransa haka. Sunan yana kanmu mu da ba ma zuwa ko'ina.

Ban san nauyin da kalmar ta ɗauka a Turanci ba sai da aka tura ni wurin kawuna a Nima, a Ankara, domin in koyi Ingilishi. Wata rana na yi faɗa da wani yaro a makaranta, faɗan yara a kan ƙwallo. Mahaifiyarsa ta zo, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambayi inda nake zaune. Da aka gaya mata sai ta kaɗa kai ta ce, “Zongo boy,” ta ja hannun ɗanta suka tafi, kamar an gama shari'a. Turancina bai yi ƙarfi ba a lokacin, amma na gane ba adireshi ta faɗa ba. Kalmar da na sani da ma'anar gidanmu, da masallacinmu, da ƙamshin waina da safe, ta dawo mini a wani harshe tana nufin ƙazanta da rashin tarbiyya da rigima. Na gaya wa kawu da daddare. Ya ce, “Kai ɗan Zongo ne mana. Ka ce mata ƙarya ta yi?” Na ce, “Kawu, ba haka take nufi ba.” Ya ce, “Na sani. Ci tuwonka.”

A 2017 gwamnatin Shugaba Nana Akufo-Addo ta kafa ma'aikata ta musamman domin raya tsofaffin unguwannin birni da zanguna, aka kuma yi dokar asusun raya Zongo. Kalmar Hausa ke nan ta hau takardar doka ta ƙasar da harshen aikinta Ingilishi ne. Abin alfahari ne ta wata fuska, kuma mutanenmu da dama sun yi maraba da shi. Sai dai ma'anar da ta hau da ita ta unguwar da aka bari a baya ce, mai bukatar magudanar ruwa da fitilu. A yau mafi yawan mazauna zanguna ma ba Hausawa ba ne. Akwai Dagombawa da Kotokoli da Zabarmawa da Mosawa da Fulani da Yarbawa, Hausa ce kawai igiyar da ta ɗaure su. Ma'anar ta faɗaɗa ta wajen mutane, ta ƙuntata ta wajen daraja.

Ba ita kaɗai ba ce. “Aboki” tana cikin kalmomi mafi daɗi a Hausa, kuma ba shakka Bahaushe mai talla ne ya riƙa kiran masu saye da ita domin girmamawa. Suka juyo da ita kansa, ta zama sunan mai gyaran takalmi da mai turin baro da mai sayar da ruwa, daga baya ta zama zagi a Turancin kudancin Nijeriya, ana jifan wanda ake gani bagidaje da ita. “Malam”, wadda muka karɓa daga “mu'allim” muka ba masu ilimi, ta zama “mallam”: a Legas ɗan canji ko mai tireda, a Ankara sau da yawa mai ba da laya. “Almajiri” a jaridun Turanci yaro ne mai bara, ba a tuna cewa manyan malaman Kano da Zariya suna kiran kansu almajirai domin tawali'u. Ita kuwa “boko”, duniya ta san ta ne ta hanyar sunan da ba wanda yake so a san harshensa da shi. A kanta ma an daɗe ana koyar da cewa daga “book” ta fito, har sai da Farfesa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali mai ma'anar algus da yaudara, kamar a “amaryar boko”.

Na daɗe ina jin haushin wannan, ina ganin zalunci ne aka yi wa harshenmu. Abin da ya sassauta mini shi ne “bariki”. Daga “barracks” muka aro ta, mazaunin soja ke nan kawai, babu yabo babu zargi. Mu ne muka dubi unguwar da Turawa da ma'aikatansu suka zauna a wajen ganuwa, muka ga irin rayuwar da ake yi a can, muka cusa wa kalmar hukuncinmu. Yau idan aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, ba aikin soja ake nufi ba. Abin da matar nan ta Ankara ta yi wa “zongo” shi ne kakanninmu suka yi wa “barracks”: sun kira unguwar baƙi da sunan da baƙin suka zo da shi, suka zuba raininsu a ciki. “Kanti” ma ba “canteen” ba ce yanzu, “tireda” kuma ta bar ɗan kasuwa ta koma kan 'yar rumfarsa. Bambancin da ya rage, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne na ƙarfi. Abin da muka yi wa “barracks” bai taɓa hana wani Bature aiki ko gidan haya ba. Na san samarin da suke ɓoye sunan unguwarsu idan suna neman aiki a cikin gari.

Da na je Kano karatun Hausa sai na gamu da matsalar ta ɗaya gefen. Hausarmu ta Zongo ba ta cika damuwa da jinsi ba, ƙ da ɗ da ɓ sun yi laushi a bakin yawancinmu, ga Faransanci da Ewe a gauraye. Ranar farko da na gabatar da kaina na ce daga Zongon Lome nake, wani ɗan aji ya ce, “Zango ake cewa. Zongo ai Turanci ne.” Aka yi dariya. Na ji kunya ƙwarai, domin a Ankara an ce ni ɗan Zongo ne da raini, a Kano kuma an ce ban iya faɗin sunan ba. Malaminmu ya bar dariyar ta lafa, sannan ya sa ɗan ajin ya faɗi “bango” da “kango” da sauri, sau uku uku, ya ce kowa ya kasa kunne. Muka ji wasalin farko yana karkata zuwa o. Ya ce wannan naso ne: gajeren a yana jin ƙamshin o da ke gaba sai ya nufe shi, kuma a bakin Hausawa abin ya fara, baƙi sun rubuta abin da suka ji ne. Bayan darasi na bi shi na ce, “Allah ya gafarta Malam, to wanne zan rubuta?” Ya ce in ina nufin masaukin ayari in bi daidaitacciyar Hausa in rubuta “zango”, in kuwa sunan unguwa ne in rubuta yadda masu unguwar suke kiranta, da babban baƙi. A kan wannan nake har yau, shi ya sa kuka ga rubutun biyu a nan.

Ga wanda yake neman batun kundin digiri, wannan fage a buɗe yake. A ɗauki kalma ɗaya, a rubuta ma'anarta a ƙamusun Bargery na 1934, a bi ta zuwa jaridun Legas ko na Ankara, a tambayi ta bakin wane harshe ta bi, wane ne ya faɗe ta, wane ne ya ji, kuma a wane wuri suka tsaya lokacin. Sauyin sauti shi ne mai sauƙin kamawa. Sauyin ma'ana sai an san tarihin mutanen.

Bayan 'yan watanni na koma wurin Baba mai tsire, na tarar an kafa sabon allo a jikin rumfarsa. Jikansa ne ya rubuta da jan fenti: SUYA da manyan haruffa, a ƙasa kuma “tchintchinga” da ƙanana. Na ce, “Baba, ashe ka koma suya?” Ya ce direbobin da ke zuwa daga Nijeriya da yaran gari masu kallon waya da wannan sunan suke tambaya, yaron ya ce ciniki zai ƙaru, kuma ya ƙaru. Na tambaye shi me ya sa ba a rubuta “tsire” ba. Ya ce wanda ya san tsire ba ya bukatar allo, hanci ne yake kawo shi. Ya zare mini tsinke biyar a takarda, ya yanka albasa a kai, ya tambaye ni ko in ƙara yaji.